Tambaya da Amsa: Ejan Ya Ce Sai Na Biya Kafin Ya Samo Min Aiki

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato kamfanonin nan da ejan-ejan masu cewa za su samo wa mutum aiki. Na ɗauko huɗu, kuma kamar kullum mun cire sunaye.

Tambaya: Salam Malam, da fatan kana lafiya ya iyali. Ni dai na gama bautar ƙasa tun bara ina zaune a gida ba aiki, kullum sai tura CV nake yi shiru kake ji, to ranar nan sai ga tes ya shigo wayata wai an gayyace ni intabiyu a wani kamfanin samar da aiki a Kaduna, ni kuma gaskiya ban tuna na taɓa nema a wurinsu ba amma na hau mota na je, da na je na tarar da mutane cike, suka ce kowa ya biya dubu 15 kuɗin fom da rajista, in an samo maka aiki kuma rabin albashin watan farko nasu ne. Ban biya ba na ce zan dawo. Don Allah Malam in biya ne ko in haƙura? Wallahi na gaji da zaman nan. Ƙaninka daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya kawo mafita. Kar ka biya. Kuma ka yi dabara da ka ce musu za ka dawo, domin a irin ɗakin nan da ake tara mutane, ganin kowa yana zaro kuɗi shi ke sa mutum ya zaro nasa.

Tambayar da nake so ka riƙa yi wa kanka duk sanda ka shiga ofishin ejan ita ce, wai shi wannan wa ke biyansa? Kamfanin samar da aiki na gaske abokin cinikinsa shi ne mai neman ma'aikaci, banki ne ko masana'anta ko asibiti ko wata ƙungiya, su ne za su ce muna son akanta ko direba ko mai kula da sito, shi kuma ya nemo ya tace ya kai musu, in sun ɗauka su biya shi la'adarsa. Kaga irin wannan kamfanin ba ya cin ko sisi sai ka samu aikin, don haka shi ma so yake ka samu. Amma wanda ya tara mutum ɗari a ɗaki kowa ya ba shi dubu 15, ai ya riga ya gama cin ribarsa tun kafin azahar, me zai sa ya wahalar da kansa neman maka aiki? Shi ya sa za ka ga bayan an biya sai a fara "za mu kira ka", daga nan sai lambar ta daina shiga.

Kuma wannan ba ra'ayina ba ne kawai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da yarjejeniya mai lamba 181 ta shekarar 1997 a kan kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu, kuma ƙa'idar da ke cikinta ita ce kada su karɓi kuɗi daga mai neman aiki, kai tsaye ne ko ta bayan gida. Najeriya ta amince da wannan yarjejeniya a 2023. Sannan a dokar ƙwadago ta ƙasa ba kowa ke tashi ya ce shi mai ɗaukar wa wasu ma'aikata ba ne, sai da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. To in ka koma, ko in ka je wani wurin, ka ce su nuna maka lasisin. Da yawa za su nuno maka takardar CAC da suka maƙala a bango, wannan rajistar kamfani ce kawai, mai sayar da siminti ma yana da ita, ba ita ce izinin ɗaukar ma'aikata ba. Ma'aikatar tana da ofis a jihohi, za ka iya zuwa da sunan kamfanin ka tambaya. Akwai kuma ƙungiyarsu ta masu lasisi, HuCaPAN, ka duba ko suna ciki.

Shi kuma tes ɗin, saƙon da bai faɗi sunan kamfanin da ke neman ma'aikaci ba, bai faɗi matsayin ba, kuma kai ba ka nema ba, ai biri ya yi kama da mutum. Wasunsu ma in ka je ba intabiyu ba ne, lacca za a yi maka ta awa uku a kan yadda za ka sayi kayansu ka shigo da mutane a ƙarƙashinka.

Maganar rabin albashin farko, na san ta zama ruwan dare musamman wajen direbobi da masu gadi da malaman makarantun kuɗi, kuma na san wani zai ce Malam ai gara rabin albashi da babu. Ba zan ce wa mai jin yunwa ya ƙi ba, amma ni ban yarda daidai ba ne. In har dole ta sa, to a rubuta, sau ɗaya ne, bayan albashin ya shiga akawun ɗinka ne, kai za ka tura musu da hannunka ka karɓi rasit. Kar ka yarda albashinka ya riƙa bi ta hannun ejan alhali ba shi ne ya ɗauke ka aiki ba.

Kar kuma wannan ya sa ka guji kamfanonin gaba ɗaya, akwai na kirki, kuma manyan wurare da yawa yanzu ta hannunsu kaɗai suke ɗauka. Ka yi rajista da biyu ko uku, ka sa CV ɗinka a shafukan neman aiki na intanet irin su Jobberman da LinkedIn, da kuma NELEX na ma'aikatar ƙwadago wanda kyauta ne. In sun kira ka ka ɗaga waya, wallahi yaranmu da yawa a nan suke faɗuwa, a kira lamba a kashe, ko imel ya yi sati ba a buɗe ba. Ka faɗa musu gaskiyar abin da ka iya da albashin da za ka iya karɓa da garuruwan da za ka iya zama, kar ka ce ko'ina alhali ka san Baba ba zai bar ka ka tafi Legas ba, in suka tura ka ka ƙi zuwa ba za su sake tuna ka ba. Ka ce kada su tura takardunka ko'ina sai sun sanar da kai. Kwafin satifiket za ka bayar, asalin ka nuna ka koma da abinka gida. Lambar sirrin katin banki da lambar da banki ke turowa ta tes kuwa babu mai ɗaukar aikin da ke da hurumin tambayarka.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni bazawara ce mijina ya rasu shekara biyu ya bar min yara uku, ina ɗan saye da sayarwa amma abin ba ya isa. Wata mata a unguwarmu ta haɗa ni da wani ejan ya ce zai kai ni Saudiyya aikin gida, shi zai yi min fasfo da biza da tikiti ba sai na ba da komai ba, in na je sai a riƙa cire albashina na wata takwas, ya ce ma da bizar Umara za mu shiga don ta fi sauri daga baya uban gidan zai gyara min takardu. Mahaifiyata ta yarda za ta riƙe yaran, yayana ne ya ƙi. Ni kuma ina ganin ga aiki ga ibada. Meye shawararka? 'Yar'uwarka daga Kano.

Amsa: Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Malama, wasiƙarki ce ta fi tsaya min a rai cikin duka, don haka ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Neman halal a Saudiyya ba laifi ba ne, kuma akwai matan da suka je suka yi shekarunsu suka dawo suka gina gida suka aurar da 'ya'ya. Amma wannan tafiyar da aka tsara miki, yadda kika faɗe ta, kar ki yi ta. Yayanki yana da gaskiya a wannan karon.

Bizar Umara ba ta aiki ba ce. Ranar da wa'adinta ya cika kin zama mai zaman da ba izini, ba ki da igama, wato katin izinin zama, kuma wadda ba ta da igama ba ta da bakin kai ƙara ko'ina, in aka hana ki albashi wa za ki gaya wa, alhali ke kanki ɓuya kike yi kar 'yan sanda su gan ki? Asibiti ma sai ya zama abin tsoro. Ƙarshen irin wannan zaman sananne ne a Kano, kamu, sai gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a koro, sai a sako mutum a jirgi da kayan jikinsa, a kuma hana shi sake shiga ƙasar na tsawon lokaci, har Umarar da kike kwaɗayi ta gagare ki. Cewar wai uban gida zai gyara daga baya magana ce ta fatar baki, bizar aiki tun daga nan gida ake fitowa da ita da sunan wanda zai ɗauke ki.

Sai maganar wata takwas. A tsarin Saudiyya, mai gidan da ke son 'yar aiki shi ke biyan kuɗin ɗauko ta, ta wani dandali na gwamnatinsu da ake kira Musaned, shi ke biyan kamfani, shi ke biyan tikiti da kuɗin igama. To in an riga an biya a can, wata takwas ɗin da za a cire miki na mene ne? Kinga an ci kuɗi ta gaba an ci ta baya. Kuma bashin nan shi ne igiyar da za a ɗaure ki da ita, duk ranar da kika ce kin gaji ko gidan ba daɗi za a ce ai ba ki gama biya ba, wani lokacin ma har a riƙa zuwa ana tsorata mahaifiyarki a gida. Kai mutum wata ƙasa da yaudara a ɗora masa bashin da zai hana shi barin aiki, a dokar Najeriya wannan ya shiga layin safarar mutane, kuma don irinsa aka kafa hukumar NAPTIP a 2003, aka sake ƙarfafa dokarta a 2015. Suna da ofis a nan Kano. Ki je ki faɗa musu yadda kuka yi da ejan ɗin tun kafin ki ba shi ko hoton fasfo, tambaya ba ta zama ƙara ba.

Ki kuma sani ko da bizar aiki ta gaskiya kika tafi, aikin gida a can yana ƙarƙashin kafili ne, wato zamanki a ƙasar a ɗaure yake da wanda ya ɗauko ki. Gyaran da Saudiyya ta yi a 2021 wanda ya sauƙaƙa wa ma'aikata canza wurin aiki bai haɗa da masu aikin gida ba. In kika fita daga gidan ba izini zai iya kai rahoton kin gudu, shikenan takardunki sun lalace. Akwai dai ƙa'idojin da suka ba 'yar aiki haƙƙin hutun kwana ɗaya a mako da albashi a ƙarshen kowane wata, kuma riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a dokarsu, amma ke kaɗai ce a cikin gidan mutane, ba harshe, ba dangi, abin da ke rubuce da abin da ke faruwa a bayan ƙofa ba kullum suke haɗuwa ba. Ina faɗa miki ne don ki shiga da idonki a buɗe in har za ki shiga.

Wani abin kuma, ba duk wadda aka ce wa Saudiyya ce take sauka a Saudiyya ba. Akwai waɗanda suka tsinci kansu a Iraƙi ko Oman ko Lebanon, akwai waɗanda aka bi da su ta mota ta Agadas aka ce daga can za a hau jirgi, suka ƙare a Libiya. A 2020 har tallar wata 'yar Najeriya aka saka a Facebook a Lebanon da farashi a kanta, sai da hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, NiDCOM, da ofishin jakadancinmu suka shiga maganar aka ceto ta. Duk ejan ɗin da ya ce ta ƙasa za a fita ko ta wata ƙasar maƙwabta don kauce wa jami'an filin jirgi, ki san akwai abin da yake ɓoyewa.

In kin ƙudura sai kin je, ga yadda za ki yi. Ki nemi kamfanin da ke da lasisin kai ma'aikata ƙasar waje, domin daban yake da na cikin gida, ki tabbatar a ofishin ƙwadago ba a bakin matar unguwa ba. Ki ga kwantiragin tun kina Kano, a karanta miki shi da Hausa, yayanki yana zaune, a ga sunan mai gidan da garin da albashi nawa ne a riyal da shekara nawa za ki yi da wanda zai biya tikitin dawowa. Dokar ƙwadago ma ta tanadi jami'in ƙwadago ya duba kwantiragin aikin waje ya tabbatar mai tafiya ya fahimta ya kuma yarda. Ki duba bizar da idonki ko ki ba wanda ya iya ya duba miki. Ki bar kwafin fasfo da biza da kwantiragi a gida, ki haddace lambar mutum biyu a ka saboda ana ƙwace waya, ki riƙe lambar ofishin jakadancin Najeriya a Riyad da ƙaramin ofishin Jidda. Kuɗinki kuma ya riƙa shiga akawun mai sunanki, ba na ejan ba, ba na wani ɗan'uwa ba, mata nawa suka dawo bayan shekaru suka tarar an cinye abin da suka turo.

Kuma don Allah kar ki yi fushi da yayanki, ki ja shi cikin maganar, ki ce to Yaya in ba wannan ba ka taya ni neman hanyar da ta dace.

Tambaya: Malam ina gaisuwa. Ni ina aiki a wani banki a matsayin mai karɓa da biyan kuɗi shekara huɗu kenan, amma ba bankin ne ya ɗauke ni ba wani kamfani ne ya kawo mu, aiki ɗaya muke yi da ma'aikatan bankin amma albashinsu ya ninka nawa, ba ƙarin girma, kuma ana cire min kuɗin fansho a takardar albashi amma na fi shekara ban ga alat ba. In na yi magana a banki su ce in je kamfanina, in na je kamfanin su ce banki bai biya ba. Wai ni ma'aikacin wa ne? Daga Sakkwato.

Amsa: Ƙanina, a takarda kai ma'aikacin wanda ya ba ka takardar ɗaukar aiki ne, wato kamfanin, shi ya sa bankin ke tura ka can. Wannan tsarin ya cika bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai, kuma ni a ganina zalunci ne mutum ya shekara huɗu a kan kanta ɗaya yana ƙirga miliyoyi, in an samu giɓi shi zai biya, amma a ce har yau shi baƙo ne. Sai dai kasancewarka ɗan kwantiragi bai zubar maka da haƙƙi ba.

Fara da fanshon, don shi ne kuɗinka da ake ci yanzu haka. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya sa kashi 10, kuma a tura cikin kwanaki 7 na aiki bayan biyan albashi. Je ka wurin kamfanin fanshonka ka karɓi cikakken bayanin asusunka, ka jera shi da takardun albashinka wata bi wata, sai ka rubuta wa kamfanin da ya ɗauke ka wasiƙa, ba waya ba, ka ajiye kwafin da suka buga wa hatimi. In ba su motsa ba ka kai ƙorafi PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, aikinsu kenan, kuma akwai tara a kan wanda ya cire bai tura ba. Maganar wai banki bai biya ba tsakaninsu ne, kai dai an cire a albashinka. In ku da yawa ne abin ya shafa ku rubuta tare, ya fi nauyi kuma ya fi wuya a ware mutum ɗaya a huce a kansa.

Ka kuma ɗauko takardar ɗaukar aikinka ka sake karantawa. Doka ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa, in ba ka da ita ka nema yau. Duba wa'adin sallama da hutun shekara da asibiti. Ka tuntuɓi ƙungiyoyin ma'aikatan banki, NUBIFIE da ASSBIFI, sun daɗe suna faɗa da wannan tsarin. In abin ya kai ga shari'a, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan, kuma takan duba wanda ke ba ka umarni a zahiri ba abin da aka rubuta kawai ba.

Amma gaskiyar da zan faɗa maka, kar ka zauna jiran ranar da za a mayar da kai cikakken ma'aikaci. In bankin ya buɗe jarabawar canza matsayi ka shiga, sai dai yawanci akwai iyakar shekaru, kuma kowace shekara da ka ƙara a kantar nan tana matso da kai kusa da iyakar. Shekara huɗu a banki gogewa ce da ake nema a wasu wuraren, ka fara tura takardunka tun kana da aikin a hannu.

Tambaya: Malam, ɗana ya gama digiri shekara uku. Wani ya ce yana da hanya a Abuja, akwai gurbi a wata hukumar tarayya naira miliyan biyu da rabi, har ya nuna min takardar ɗaukar aikin wani da ya yi wa. Ina tunanin sayar da gonata. Dattijo daga Katsina.

Amsa: Baba, ina roƙonka da girman Allah kar ka sayar da gonar nan. Babu ejan ko kamfanin da aka ba izinin sayar da aikin gwamnati, ɗaukar ma'aikatan tarayya ta Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya yake bi ko ta ita hukumar da ke neman ma'aikatan, kuma ba a biyan kuɗi. Takardar da ya nuna maka kowane shagon kwamfuta zai iya buga irinta. Mutane da yawa sun biya sun karɓi takarda, wasu har sun fara zuwa ofis, sai wajen tantancewa a sa su a tsarin albashi aka gano ta bogi ce, ga kuɗi ya tafi ga yaro yana fuskantar tuhuma. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a kan cinikin guraben aiki, kuma waɗanda suka biya sun zo gaban kwamitin da kansu suna ba da labarin yadda aka karɓi kuɗinsu. Ko da gurbin na gaske ne, mai bayarwa da mai karɓa duk sun shiga laifin cin hanci, don haka in ya cinye ma da wuya ka iya fitowa ka nema.

In mutumin ya matsa maka, ka ajiye saƙonninsa da lambar akawun ɗin da ya ba ka, ka sa yaron ya kai su ofishin ICPC ko EFCC. Shi kuma yaron ka ce ya rubuto min da kansa ya faɗa min abin da ya karanta da abin da ya iya yi da hannunsa, sai mu duba inda ya kamata ya nema.